Yadda Yaya Badamasi Ya Zama Baƙo a Fadamar Ubansa

Yayana Badamasi bai taɓa sata ba, bai taɓa caca ba, ko goro sai an matsa masa yake ci. Amma da bakinsa, rana tsaka, a gaban mutanen gari, ya sallama fadamar da kakanninmu suka sare. Ni Sakinatu ƙanwarsa ina wurin, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Zan faɗi yadda aka yi, don na gaji da jin 'yan teburin shayi suna ba da labarin suna ƙyalƙyala dariya, alhali ko rabinsa ba su sani ba.

Garinmu Tungar Gawo ne, tsakanin Lolo da bakin Kwara. In ka hau tudun maƙabarta kana hango kwanon rufin mutanen Benin yana walƙiya. Mu Kyangawa ne. Na faɗa da ƙarfi ne da gangan, don an yi lokacin da ba a furta wannan kalma a gidanmu. Tun muna yara kowa ya san gidanmu ne gidan farko a garin, mu muka sare fadama, sannan gidan su Namadi masunta suka zo suka same mu, sannan sauran jama'a. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, don ba wanda ya taɓa musu.

Abin da ke riƙe da maganar shi ne lokacin kaka. In shinkafa ta nuna, ba mai sa lauje a fadama sai babban gidanmu ya sauka da safe, ya yi bisimilla, ya yanki hannu ɗaya. Daga nan kowa ya faɗa tasa. In an gama yanka kuma, gidan su Namadi za su ɗauro dami ɗaya su kawo ƙofar gidanmu, saboda ɓangaren da suke nomawa kakanmu ne ya ara wa kakansu. Dami ɗaya me zai yi wa mutum? Ko tuwon kwana uku ba zai yi wa gidanmu ba. Shaida ce kawai, kowace shekara, cewa mun san mai wuri. Limamai nawa aka yi a garin, ba wanda ya taɓa cewa uffan a kai.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Shi ne na ƙarshe da aka yi wa tsagar gado a gidanmu, dogayen zane daga gefen ido zuwa bakin leɓe, irin na Babanmu Mamuda da na Innarmu Mairama, don auren zumunci suka yi. Kafin a haife ni an daina, shi ya sa fuskata take sumul. Inna ta ba ni labarin ranar da ya dawo daga firamare yana ɗan aji huɗu. Malami ya ce kowa ya tashi ya faɗi ƙabilarsa. Da Yaya ya faɗi tasa, wani yaro ya ce, "Arnan bakin ruwa, masu gaida kada!" Aji ya ɗauki dariya, malamin ma ya dara. Da yamma Inna ta iske shi a bayan ɗaki da dutsen goge kaushi yana dirzar kumatunsa har jini ya fito. Ta ƙwace dutsen, ta mare shi, ta zauna ta yi kuka. Da gemu ya fara fito masa bai taɓa aske shi ba, amma tsagar ta fi gemun tsawo.

Kada ku ɗauka mutumin banza nake ba ku labari. A duk yankinmu ba mai gyaran injin ban ruwa kamarsa. Daga nesa zai ji ƙarar inji ya ce maka ga abin da ke damunsa, a kwance kuma a iske haka ne. Lokacin noman rani har daga ƙetaren iyaka ake zuwa da mashin a ɗauke shi. Da Baba ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya yi mini kayan ɗaki, da aurena ya mutu kuma shi ya je da kansa ya kwaso ni, bai taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Shi ya sayo mini tukunyar da nake turara shinkafa ina kai wa kasuwar Lolo. Aibinsa ɗaya na sani tun da: ba ya son jin Kyanganci. A gidanmu, Inna kaɗai ta rage mai jin yaren sosai, mu sai gaisuwa da zagi. In ta fara yi wa jikokinta waƙa da shi sai ya leƙo ya ce, "Inna, don Allah ki bar rikita ma yara baki." Sai ta bar waƙar ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Shekara uku ke nan da ya sayi babbar waya. Kaico da wannan rana! Wani abokin aikinsa ya sa shi a wani guruf na masu son tarihi a wasap, shi kuwa dama mayen tarihi ne, tun yana saurayi rediyo ba ya barin kunnensa. Wata rana aka turo muryar wani mutum. Na ji ta da kunnena, don sau ya fi ashirin yana kunna ta a tsakar gida. Murya ce mai sanyi, yana yi yana jefa Larabci, yana cewa da yawa daga masu tsaga a bakin Kwara ba abin da aka gaya musu ba ne su, jikokin manyan malamai ne da suka zo daga gabas suka ɓoye kansu cikin jahilai, kuma duk mai son sanin asalinsa ya turo sunansa da na ubansa da na kakansa. Yaya ya tura: Badamasi, Mamuda, Zayyanu. Bayan mako guda hoto ya iso. Ya hau mashin ya tafi Bagudo aka buga masa a babbar takarda, aka manne ta da leda, ya dawo yana riƙe da ita a ƙirji kamar jariri.

"Sakinatu, zo ki gani," ya ce mini. "Ashe ƙarya anka yi muna shekara da shekaru."

Hoton itace ne kore, da rassa, kowane reshe da suna, ga wani hatimi a ƙasa da rubutun Larabci. Can ƙarshen reshe ga sunansa, ga na Baba, ga na kakanmu Zayyanu. A saman Zayyanu an rubuta Malam Abdulrashid, wai mutumin Masar, wai ya iso bakin Kwara ana gab da zuwan Turawa, ya auri 'yar gari, ya yarda aka yi wa 'ya'yansa tsaga don kada a gane su. Wallahi ban taɓa ganin fuskar Yaya da haske irin na ranar ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ɗan ji daɗi na minti biyu.

Inna ba ta karatu, sai ta ce ya karanta mata. Da ya kai kan Abdulrashid ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ka ce uban Zayyanu?"

Ya maimaita.

"Uban Zayyanu kakana ne ni ma, Badamasi. Ubana da Zayyanu ciki ɗaya sunka hito. Na ɗebo ma tsohon nan ruwa da hannuna ina yarinya. Tsagarshi ta hi taka zurhi. Ko Hausa ba ya ji sosai, balle Larabci. Salla ma da tsufanshi ya fara ta."

Ta faɗi sunansa, suna ne na Kyanganci da harshena ba ya iya juyawa. Na ga fuskar Yaya ta canja a kan maganar sallar nan.

"Ɓoye kanshi ya yi, Inna. Shi ne abin da mutumin ke faɗi. Naki abin baki ne, wanga kuwa rubutacce ne, har da hatimi."

"Wanda ya rubuta ya taɓa ganin shi?"

Ya nemo ƙusa ya kafa takardar a zaure, daidai inda duk mai shigowa zai fara gani.

Kafin wata guda gari ya sa masa suna Ɗan Masar. Da tsokana suke faɗa, shi kuwa da murna yake amsawa. Ya sayo rawani. Ya zauna a zaure ya ɗauki muryarsa har minti bakwai, ya tura guruf ɗin 'yan garinmu, yana cewa, "Jama'a ku shaida, mu gidan Mamuda ba 'yan ƙasar ga ba ne, zuwa munka yi. Kakanmu baƙo ne mai daraja, ya iske mutane cikin duhu." Da na ji, na same shi na ce, "Yaya, ka goge abin nan. Kai ka san abin da baƙo yake nufi a fadama." Ya ce in tafi in ji da tukunyata, mata ba su san tarihi ba.

Kaka ta zo. Mai gari ya aiko a gaya wa Yaya shinkafa ta nuna, ana jiransa. Ya ce a koma a ce shi ya tuba da wannan, ragowar tsafi ce. Kwana huɗu mutane suna tsaye da laujensu, tsuntsaye suna cin rabonsu, tsofaffi suna zuwa suna ba shi baki. Ya ƙi. A rana ta biyar mai gari ya ce kowa ya yanka. Aka yanka, sama ba ta faɗo ba, Yaya ya ce, "Kun gani?" Da aka gama Namadi ya iso da daminsa a ka, ya yi sallama, ya sauke a ƙofar zaure kamar yadda ubansa yake yi. Yaya ya fito ya ce ya ɗauki abinsa.

"Badamasi, lahiya? Laihi munka yi?"

"Ba laihi. Al'adar mutanen da ce, mu kuwa ba mu cikinsu."

Namadi ya tsaya yana kallonsa, ya kalli takardar da ke jikin bango, ya sake tambaya har sau uku. Sannan ya ɗauki daminsa ya tafi. Ina leƙe ta katanga, duk a idona aka yi. Namadi ba mugu ba ne, tare suka yi wasan ƙasa da Yaya. Amma 'ya'ya goma sha ɗaya gare shi, maza bakwai, gonarsa ba ta ishe su, kuma shi ba wawa ba ne. Da kaka ta sake zagayowa ya sake kawo damin, sai dai wannan karon da dattawa biyu a bayansa. Yaya ya sake mayar da shi. Dattawan dai sun gani.

A tsakanin nan ne na kai ɗinki wurin wani tela a kasuwar Lolo, Muhsin sunansa, Badende ne ba Bakyange ba, iyayensa daga can hayin Benin suka zo. Ina ɗaga kai sai ga itacen nan kore a bangon shagonsa. Na matsa. Rassan nan dai, hatimin nan dai, Malam Abdulrashid ɗin nan dai na Masar. Sunaye uku na ƙasa ne kawai suka bambanta. Na ce, "Malam Muhsin, ina ka samo wagga?" Ya ce wani bawan Allah ne a wasap ya binciko masa. Ya ce har wani mai faci ma a bakin tasha yana da irin takardar. Na ɗauki hoto, na bar shinkafata a hannun maƙwabciya, na hau kabu-kabu na dawo gida ina cewa yau magana ta ƙare. Na miƙa wa Yaya wayar. Ya duba, ya ƙara girman hoton, ya daɗe yana kallo.

"Allahu akbar," ya ce. "Ashe muna da dangi a Lolo!"

Ranar kasuwa ta gaba ya sayi goro ya je gaida telan. Ni kam na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na rasa ko dariya zan yi ko ihu.

Da aka fara shirin noman rani sai ga sammaci daga mai gari. Namadi ya kai ƙara. Maganarsa gajera ce: kowa ya san gidansu ya jera kakanni bakwai a garin. In gidan Mamuda da bakinsu sun ce ana gab da zuwan Turawa suka iso, to gidansu ne na farko, fadama tasu ce, mu ne aka ara wa. Aka sa rana, Laraba ta sama.

Na ce ba zan zauna ina kallo ba. Akwai mutum ɗaya da maganarsa za ta yi nauyi, Ɗanmusa wanzami, wanda gidansu ke yi wa gidanmu aski da tsaga tun kaka da kakanni. Ya tsufa, idonsa ya tafi, yana zaune wurin 'yarsa a wani ƙauye a ƙetaren iyaka, bayan Madekali, inda ƙanen Inna ma yake. Na hau kabu-kabu na tsallaka. Abin da ya ba ni haushi da mamaki, ina shiga ƙauyen sai ga fuskar Baba ko'ina: a bakin rijiya, a gindin mangwaro, a ƙofar masallaci, tsofaffi masu tsagarmu suna ta yarensu ba mai jin kunya. Na gaya wa Ɗanmusa abin da ke tafe da ni. Ya ce a ɗauko masa sandarsa da hularsa.

Ranar Laraba ƙofar mai gari ta cika. Maza a kan tabarmi, mu mata a gefe jikin katanga, samari kuwa a tsaye kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Yaya ya zo da rawaninsa da takardarsa a naɗe. Namadi bai yi dogon bayani ba. Ya ciro waya ya kunna muryar Yaya, minti bakwai cur, ba wanda ya yi tari. Sannan dattawan nan biyu suka ce a gabansu aka mayar da dami.

Mai gari ya ce, "Badamasi, muryarka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

Sai na ce daga inda nake, "Allah ya ba ka nasara, muna da mai shaida." Aka jawo Ɗanmusa. Ya ce a kai shi gaban Badamasi. Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami fuskar, ya bi zanen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya kutsa cikin gemu, ya zagaya bayan kunnen hagu, ya tsaya.

"Aikina ne," ya ce. "Kwana bakwai da haihuwarshi na yi ta. Kun ga dogayen ga, duk Bakyangen yankin ga na da irinsu. Amma ku taɓa nan bayan kunne, akwai 'yar gajera guda. Wagga ta gidan da sunka sare fadama ce, su kaɗai. Ubana ya yi ma Mamuda, kakana ya yi ma Zayyanu, kuma kakana ya ce muna a kunnen uban Zayyanu ya ga yadda a ka yin ta. Ba mu yi ma baƙo ita, ko shanu ya kawo."

Ni kaina ban taɓa sanin akwai ta ba. Na ga hannun Yaya ya tafi bayan kunnensa.

Sai Inna ta miƙe. Matar da ko a biki ba a jin muryarta. Ta gyara mayafi, ta fara magana da Kyanganci, da ƙarfi, kamar mai kiran yaro daga gona. Sunayen kakanninmu take jerawa, wannan ɗan wannan. Duk wanda ta faɗa sai Ɗanmusa ya amsa mata da kalma ɗaya. Ina lanƙwasa yatsu a cikin zane, tara na samu. Tsofaffi biyu ko uku suka sunkuyar da kai, wani yana share ido. Sauran jama'a, har da ni 'yarta, ba mu ji komai ba sai amon. Wani saurayi ya yi 'yar dariya, aka harare shi.

Mai gari mutumin kirki ne, kuma na rantse so yake ya cece mu. Ya ce, "Badamasi, magana ta dawo gare ka. Ni na san abin da na taso na iske, kowa nan ya sani. Amma kai ne babban gida, ba ni iya riƙe maka abin da kai ka ce ba naka ba ne. In ka ce ma jama'a kai Bakyange ne ɗan Bakyange, takardar ga kuskure ce, to Namadi zai kawo daminshi bana, magana ta mutu. In kuwa ka tsaya kan takarda, to kai baƙo ne, kuma ka san hukuncin baƙo. Wanne ne?"

Kalma nawa ce? Ko numfashi biyu ba za ta ci ba. Na ga bakinsa ya motsa. Ya kalli Inna, ya kalli Ɗanmusa, sannan ya ɗaga kai ya kalli samarin nan da wayoyinsu a sama, wajen ashirin, duk sun auna shi. Shekara biyu yana amsa Ɗan Masar, ya gaya wa surukansa, ya gaya wa 'ya'yansa su faɗa a makaranta. Na san abin da yake gani: kafin la'asar hotonsa ya kai Bagudo, ana dariya. Fuskarsa ta koma ta yaron nan ɗan aji huɗu, ko da yake ban ga yaron da idona ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ban ƙaryata Inna ba, abin da ta sani ta faɗi. Amma ilimi ya zo. Tsagar ga ɓoyo ce. Ni jikan Malam Abdulrashid ne."

Na ce, "Yaya!" da ƙarfin da sai da mata suka riƙe ni. Ɗanmusa ya ce a ba shi sandarsa. Inna ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

Mai gari ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya yanke: ɓangaren da su Namadi ke nomawa ya zama nasu har abada, a ƙara musu da gefen da ke bin ruwa, wanda ya fi kowane albarka. Sauran Badamasi ya ci gaba da nomawa, ba mai korarsa, amma a matsayin aro. Yankan farko ya koma gidan Namadi. Kuma kowace kaka gidan Mamuda su kai dami ɗaya ƙofar gidan Namadi. Ya ƙara da cewa, "Ni ban kore ka ba, Badamasi. Bakinka ya faɗi."

Bayan kwana uku Inna ta ɗaure kayanta a zane biyu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi baki ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Yaya ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana cewa, "Inna, ina za ki?" Ta ce za ta je ta ga ƙanenta, ta kwana biyu inda in ta yi magana za a amsa mata. Mashin ɗin da ya mayar da Ɗanmusa shi ya dawo ya ɗauke ta. Wata tara ke nan. Ina zuwa duk bayan mako biyu in kai mata shinkafa da sabulu. Tana lafiya, har ta yi ƙiba. Ba ta taɓa tambayata yaushe zai zo ba, sai dai ta ce, "Yana cin abinci?"

Na yi wata biyu ba na yi masa magana sai gaisuwa. Amma gida ɗaya muke, kuma ina ganin yadda yake ramewa. Ya daina sa rawanin. Ya daina kunna muryar mutumin nan, na kuma ji matarsa na cewa lambar ma ta daina shiga. In an kira shi Ɗan Masar a hanya sai ya ɗaga hannu kawai bai juyo ba. Takardar dai tana nan a zaure.

Kakar bana Namadi ya sauka da safe ya yi bisimilla ya yanki hannu ɗaya, muna tsaye a bakin gonarmu da lauje muna jira. Da muka gama yanka, Yaya ya zaɓi shinkafa mai kyau ya ɗaure dami da hannunsa. Ɗansa babba ya ce zai kai, ya ce a'a. Ya ɗora a ka. Na bi bayansa, ban san dalili ba, wataƙila don kada ya bi ta gaban masu shayi shi kaɗai. Namadi ya fito, kunya ta kama shi, ya kasa haɗa ido da mu. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "An gode, Allah ya maimaita muna." Abin da Baba yake ce wa ubansa ke nan, kalma da kalma.

A hanyar dawowa muka biyo ta gefen da ke bin ruwa, inda 'ya'yan Namadi suke ta sussuka. Yaya ya tsaya. Hannunsa na bayan kunnensa, ya zame masa ɗabi'a tun ranar nan. Bai kalle ni ba ya ce, "Sakinatu, sunayen nan da Inna ta jera gaban mai gari. Kin riƙe su?"

Na ce, "Tara ne. Iyakar abin da na riƙe ke nan."

"Ko guda ba ki riƙe ba?"

"Da wane kunne, Yaya? Ni ba ta koya mini ba, yaranka kuwa kai ka hana."

Na ji tausayinsa ya taso mini tare da haushi. Na ce, "Mashin ɗinka na da mai. Ko awa ɗaya ba a yi an kai. Tana nan da ranta, Ɗanmusa ma yana nan, amma ka san shekarunsu."

Ya ce, "In na je, me zan ce mata?"

Na ce, "Ka ce ta faɗa maka sunan uban Zayyanu."

Muka iso gida, ya tsaya a zaure gaban takardar ya daɗe, ni kuma na wuce ciki na hura wuta. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Kullum da safe in na fito shara sai na duba bango in duba inda yake ajiye mashin. Takardar tana nan a kan ƙusarta, mashin ɗin ma yana nan. Jibi zan je kai wa Inna shinkafa, kuma na san abin da za ta tambaye ni.